Yadda za ka warware tsohuwar waƙar pop da kunnenka, ka gano abin da ke tayar da tsikar jiki

Akwai waƙoƙin Amurka da Ingila da aka yi tsakanin shekarun 1960 da farkon 1990 waɗanda har yau in aka saka su, wanda ko Turanci ba ya ji sai ka ga ya nutsu yana kaɗa kai. In ka tambayi dalili, a ce maka ai muryar ce, ko kuma a ce waƙoƙin da daban suke. Murya tana da nata kaso, amma mafi yawan aikin a ginin waƙar yake. Kusan duk dabarar masu wannan sana'a abu guda ce: waƙar ta koya wa kunnenka abin da zai sa rai da shi, ta ja masa rai, sannan ta biya shi. Ana iya koyon jin wannan ba tare da an san rubutun kiɗa ba, kuma ba sai an iya kaɗa komai ba.

Ka tanadi iyafis mai ɗan kyau, da takarda da biro. Kada ka dogara da lasifikar waya, domin tana cinye sautin jitar bes, alhali rabin labarin a can ƙasa yake. Waƙar da za mu fi aiki da ita ita ce "My Girl" ta ƙungiyar The Temptations, wadda kamfanin Motown ya fitar a Disambar 1964. Na zaɓe ta ne don ba ta kai minti uku ba, kuma kayan kiɗanta ɗaya bayan ɗaya suke shigowa, ana jin kowanne a fili.

Mataki na farko: dubi tsawonta, ka auna buɗewarta

Kafin ka danna komai, duba minti nawa ce. Yawancin waƙoƙin shekarun 1960 tsakanin minti biyu ne da uku da 'yan kai, kuma ba haka kawai ba. Tsohon faifan garmaho mai inci 10, wanda ke juyawa sau 78 a minti, wajen minti uku kowane gefensa yake ɗauka. Ƙaramin faifan 45 da kamfanin RCA Victor ya fito da shi a 1949 bai sauya wannan al'ada ba, su ma gidajen rediyo gajeriyar waƙa suke so don su sami gurbin talla. Wanda aka ba minti uku ba shi da lokacin kewaye-kewaye, dole ya kama ka tun daga ƙofa.

To saka waƙar, ka tsayar da ita da zarar murya ta shigo. Rubuta abin da ka ji a jere. A "My Girl" bes ɗin James Jamerson ne shi kaɗai yake fara bugawa, sai jitar Robert White ta hau da sauti shida kamar mai taka matakala, ga ƙyasta yatsu a gefe, ganga ta yi 'yar gangara, sannan mawaƙin da ya ja waƙar, David Ruffin, ya buɗe baki. Cikin 'yan daƙiƙun nan an riga an gaya maka saurin waƙar, da yanayinta, da sautin da za ta riƙa komawa kansa.

Berry Gordy, wanda ya kafa Motown a birnin Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, ya taɓa aiki a masana'antar haɗa motoci, kuma tsarin can ya kawo cikin kiɗa. A lokacin, duk Juma'a ana zaman tantance sababbin waƙoƙi, wadda ba ta kama kunne da wuri ba a mayar da ita. Har a ƙananan lasifikoki irin na rediyon mota suke gwada sauti, don a nan jama'a za su ji ta. Amma ba doka ba ce buɗewa ta zama gajeriya. Furodusa Quincy Jones ya so a rage doguwar buɗewar "Billie Jean", mai kusan rabin minti, mai waƙar Michael Jackson ya ƙi, ya ce ita ke sa shi rawa. Jackson ne ya yi gaskiya.

Mataki na biyu: nemo bugun da ƙafarka

Sake sakawa, ka riƙa ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, kana komawa. Kowane huɗu awo ɗaya ke nan. Lura da inda ƙyasta yatsu ko ƙaramar ganga ke faɗawa: kan biyu da huɗu, ba kan ɗaya da uku ba. Wannan karkata daga kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ta fito, na coci da na gidajen rawa, kuma ita ke sa jiki lilo maimakon tafiyar fareti. Gwada tafi a kan ɗaya da uku na ɗan lokaci, za ka ji waƙar ta yi nauyi, ta sandare. Wanda kunnensa ya saba da kaɗe-kaɗenmu masu gangarawa uku-uku yana iya ɗan laluɓe da farko, amma ba ya daɗewa.

In kana son sanin saurin, ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu. "My Girl" ta ɗan haura 100 a minti, kiɗan disko kuwa wajen 120 yake zama.

Mataki na uku: zana taswirar waƙar

Yanzu ɗauki biro. Duk sanda wani sashe ya fara, rubuta lokacinsa, ka ba shi harafi. Sashen da ya dawo da karinsa na farko ka maimaita masa harafinsa, ko da kalmomin sun sauya. A ƙarshe ɗaya daga cikin zubi biyu za ka fi samu.

Na farko shi ne tsohon zubin marubutan waƙa na Niyok, na unguwar da ake kira Tin Pan Alley: A, A, B, A, kowanne awo 8, jimilla 32. A yi kari sau biyu har ya zauna maka, a ɗan fita yawo a B, a komo. Na biyu shi ne wanda ya rinjaya daga baya, wato baiti da amshi, baiti da amshi, sai wani sashe na daban da ake kira gada, sannan amshin ƙarshe. Wannan ba baƙo ba ne a wurinmu. Makaɗan baka suna da gindin waƙa da ɗiyanta, jagora ya zuba ɗa, 'yan amshi su komo da gindi, kamar yadda aka sani a waƙoƙin Mamman Shata. Wanda ya tashi da waƙoƙin finafinan Indiya ma ya san wannan komowar. Bambancin shi ne Shata yana iya jan waƙa iya yadda taro ya karɓa, shi kuwa marubucin pop sau uku ko huɗu kawai zai komo, don haka kowace komowa sai an shirya mata hanya.

Hanyar nan ita za ka nema. A "My Girl", tsakanin baiti da amshi akwai ɗan guntun sashe mai awo huɗu inda kiɗan ke hawa, mawaƙin yana tambaya, me ke sa ni jin haka? Amshin ne amsar, kuma sunan waƙar ne. Ruffin ya faɗa, sauran su amsa masa ɗaya bayan ɗaya. Tambayar aka sa ta rataye ka, amsar ta sauke ka.

Mataki na huɗu: gano gidan waƙar

Kowace irin wannan waƙa tana da sauti guda da kunne ke jin nan ne wurin hutawa. A do, re, mi da ake koyarwa a makaranta, shi ne do. Hanyar gano shi mai sauƙi ce: tsayar da waƙar a tsakiya, ka yi guna da hanci a kan sautin da kake jin in an ƙare a kansa ba za a bi kowa bashi ba. Yawancin mutane suna dacewa ba tare da an koya musu ba. Mu kira shi gida.

Ƙarƙashin murya kuma akwai haɗin sauti uku ko fiye da ake bugawa tare, wanda makaɗa ke kira kod. Ba sai ka san sunayensu ba. Bi bes kawai, domin yawanci shi ke taka tushen kowane kod, ka tambayi kanka a kowane awo: muna gida, mun fita, ko muna bakin ƙofa? Kod ɗin da aka gina a kan so shi ne na bakin ƙofa, shi ya fi kowanne matsa wa kunne a koma do. Wanda aka gina a kan la kuwa yana da ɗan duhu, shi ke shigo da kewa.

Don jin wannan tsirara, saka "Stand by Me" ta Ben E. King, ta 1961. Daga farko har ƙarshe zagaye ɗaya ne: do, la, fa, so, a komo do, cikin awo 8. Gida, sai inuwa, sai tafiya, sai bakin ƙofa, sai gida. Waƙoƙin da aka ɗora a kan wannan zagaye a shekarun 1950 ba su ƙirguwa. Wasu na ganin wannan talauci ne na basira. Ni ban ga haka ba. Sai ƙasan ya zama sananne kafin kunne ya sami sukunin lura da abin da murya ke yi a sama, kuma muryar King tana ɗan jinkiri, tana ɗan riga bugu, tana karcewa a inda maganar ta yi zafi.

Wani abu da zai ba ka sha'awa: sautukan jitar da ke buɗe "My Girl" su ne do, re, mi, so, la, sai do na sama. An tsallake fa da ti. Wannan tsani mai hawa biyar shi ne kuma ginshiƙin yawancin kiɗan gargajiyar Hausa, na gurmi da molo da garaya, shi ya sa kunnenmu ba ya baƙuntar wannan buɗewar.

Mataki na biyar: ƙirga maimaici

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Yi ɗan tsinke a takarda duk sanda aka faɗi sunan waƙar, ko ɗan karin jitar nan ya dawo. Yawan zai ba ka mamaki. Tun 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu kaɗai yana ƙara mana son sa, masaniyar kiɗa Elizabeth Margulis kuma ta yi bincike mai zurfi kan yadda maimaici ke sa mai sauraro ya fara rera waƙa a zuci kafin ta iso. Da ka fara rigan mawaƙi a ranka, ka daina zama ɗan kallo. Sai dai ka duba ko maimaicin tsura ne. A waƙar da ta amsa sunanta, amshi na biyu ya fi na farko kaya: an ƙara kakaki, ko goge irin na Turawa, ko wata murya a sama.

Mataki na shida: farauto wuraren jan rai

Nan ne kasuwar take, nan kuma ya kamata ka daɗe. Duk abin da ka yi a baya don ka san abin da waƙar ta yi maka alkawari ne. Yanzu nemo inda ta jinkirta cikawa, ko ta cika ta wata hanyar da ba ka zata ba. Masanin kiɗa Leonard Meyer ya kafa wannan hujja tun 1956, cewa motsin rai a kiɗa yana tasowa ne sa'ad da aka tare abin da kunne ke jira. Wani masanin, David Huron, ya faɗaɗa ta a 2006.

Fara da mafi ƙanƙanta. Saka "Yesterday" ta The Beatles, ta 1965, ka saurari kalmar farko kawai. Gaɓar farko ba a kan gida ta sauka ba, a kan re take, taki ɗaya sama da do, tana ɗan gogar kod ɗin da ke ƙasa, sannan ta zame ta zauna. Ƙasa da daƙiƙa ɗaya ne, amma kamar ajiyar zuciya yake. A 1991 John Sloboda na Jami'ar Keele a Ingila ya tambayi masu sauraro su nuna masa daidai wuraren da kiɗa ke sa su ƙwalla, sai ya tarar irin wannan jinginar sauti da zamewarsa na yawan fitowa a wuraren. Sannan ƙirga awon baitin. Kunne na jiran 8, marubucinta Paul McCartney 7 ya bayar. Baitin na ƙarewa kafin ka shirya, a waƙar da maganarta duk a kan abin da ya tafi ba sallama ne.

Sai babban misali. Dolly Parton ta rubuta "I Will Always Love You" a 1973, ta fitar a 1974. Whitney Houston ta sake rera ta a 1992 ƙarƙashin furodusa David Foster, ta yi mako 14 tana ta ɗaya a jadawalin waƙoƙi na mujallar Billboard ta Amurka. Saka ta Whitney, agogo na gabanka. Wajen daƙiƙa 40 na farko babu kiɗa ko kaɗan, murya ce zalla, ƙasa-ƙasa, da dogayen shiru tsakanin jimloli. Kunnenka na neman ƙasan da zai taka, an hana shi. Amshin farko a hankali aka yi shi, kusan raɗa. Na biyu ya ɗan buɗe. Aka ba Kirk Whalum fili ya busa saksofon, aka yi baiti na uku, kiɗan ya lafa, ya ɗauke ɗif. Ka riga ka ji amshin sau biyu, ka san shi ne zai zo, ba ka dai san yaushe ba. Kamar ɗan dambe ne da ya ɗaga hannu ya tsaya, fili duka ya riƙe numfashi. Bayan minti uku da 'yan daƙiƙu ganga ta faɗi sau ɗaya, muryar ta fashe da dukkan ƙarfinta, kuma ba a gidan da ka sani ba, an ɗaga waƙar gaba ɗaya da taki guda, gidan ya tashi daga sautin da makaɗa ke kira A zuwa wanda suke kira B. Abin da ka jira ya zo, amma ya fi yadda ka zata tsawo.

Mayar da waƙar baya kaɗan, ka gwada tafa hannu daidai inda gangar za ta faɗi. Da wuya ka dace a karon farko, domin shirun bai bi ƙirgan da ƙafarka ke yi ba.

A 2011 Valorie Salimpoor da Robert Zatorre da abokan aikinsu a Jami'ar McGill ta Montreal, a Kanada, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane suna sauraron kiɗan da ke tayar musu da tsikar jiki. Sun ga sinadarin dofamin, wanda ke fita wajen cin abinci mai daɗi da sauran abubuwan marmari, yana fita a wani sashe lokacin da kiɗan ya kai ƙololuwa, kuma yana fita a wani sashen daban tun ana cikin jira. Ashe jiran ma da nasa daɗin. Wannan ne ya sa waƙar da ka ji sau ɗari ba ta daina aiki a kanka, sanin abin da ke tafe shi ke hura wutar.

Koma "My Girl" ka nemo nata. Bayan amshi na biyu masu goge sun karɓi fili, suna hawa, kafin ka ankara baiti na uku ya shigo taki ɗaya sama, daga C zuwa D, Ruffin kuma ya fara matsa muryarsa. A nan an ɓoye ɗinkin, ba a yi shelarsa ba. Ɗaga waƙa irin wannan an yi ta cin zarafinsa daga baya, har ya zama abin da ake jefawa in waƙa ta rasa abin cewa. Gwajinsa ɗaya ne: an tara maka yunwarsa kafin ya zo, ko kuwa an ɗora shi ne kawai?

Mataki na bakwai: sai yanzu ka duba kalmomin

Da gangan na bar su a baya, domin wanda ya fara da kalmomi ba ya ƙara jin komai. Nemo rubutun waƙar ko fassararta, ka lura da abin da ba a faɗa ba. Yawanci ni da ke ne kawai, ba suna, ba gari, ba dalilin rabuwa. Makaɗin fada yana ambaton sarki da kakanninsa da garuruwan da ya mallaka, don waƙar ta mutum ɗaya ce. Marubucin pop yana barin gurbin fanko don kowa ya sa nasa. Dolly Parton ba saurayi ta yi wa waccan waƙar ba, ban kwana take yi da Porter Wagoner, wanda ta yi shekaru tana aiki a shirinsa na talbijin. Miliyoyin da suka yi kuka da ita nasu mutumin suke gani.

Duba kuma ko kiɗa da magana sun jitu ko sun saɓa. "The Tears of a Clown" ta Smokey Robinson kiɗan wasan yara gare ta, mai tsalle-tsalle, maganar kuwa ta mutumin da ke dariya a bainar jama'a yana kuka a ɗaki ce. Saɓanin ya fi a ce an yi ta da kiɗan makoki ciwo. Sannan ka ji inda aka ajiye kalma mafi nauyi: kusan kullum a kan sauti mafi tsawo ko mafi tsayi, da wasali buɗaɗɗe da za a iya ja. Ga mai rubuta waƙar Hausa akwai ƙarin kaya a nan, tunda harshenmu yana da karin sauti da dogon wasali da gajere, kari ya karya su ma'ana ta gurɓace. Baturen marubuci nauyin gaɓa kawai yake lura da shi, ya tabbatar ta faɗi a kan bugu mai ƙarfi.

Mataki na takwas: tuɓe waƙar, ka ware naka daga nata

Kashe komai, ka rera ta da bakinka, ba kiɗa. In har ta tsaya da ƙafarta, ƙarfinta a kari yake. In ta zube, a aikin sitidiyo yake, kuma wannan ba aibi ba ne. "Be My Baby" ta The Ronettes, ta 1963, rabin kwarjininta daga gangar Hal Blaine ne da tulin makaɗan da furodusa Phil Spector ya cusa a ɗaki ɗaya a Los Angeles. Ka dai san wanne ne ke aiki a kanka.

Akwai kuma kason da ba na waƙar ba ne sam. Masu binciken tunani sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya gamu da shi daga ƙuruciya zuwa wajen shekara 30 ya fi komai zama a ransa, kiɗa kuwa yana kan gaba. Wanda ya ji Don Williams ko ABBA a kaset cikin motar babansa, ba waƙar kaɗai yake ji ba. Don ka raba biyun, saka wa wanda bai taɓa jin ta ba, kada ka ce masa komai, ka kalli fuskarsa a wuraren da ka yi wa alama a takardarka. Inda ya motsa a daidai alamarka, aikin marubuci ne. Inda kai kaɗai ka motsa, tarihinka ne.

In kai mai shiga sitidiyo ne, yi wa taka waƙar irin wannan taswira. Abin da ya fi damun waƙoƙin da ake haɗawa a kwamfuta shi ne an zuba duk kayan kiɗa tun awo na farko, an bar su suna zagaye har ƙarshe, babu abin da ya rage a jira. Cire rabin kayan daga baitin farko. Hana amshin farko muryoyin rakiya, ka ba na biyu. Kafin amshin ƙarshe ɗauke ganga da bes na awo ɗaya, ka saurara, sannan ka gwada awo ɗaya da rabi ka ji wanne ya fi ja.